Awon Mai Lafiya

Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren Balkisa da Kailu, sai gidan ango suka ce a dakata.

Ba ta wayar salula aka faɗa ba. Goggo Rakiya ce, ƙanwar mahaifin Kailu, ta tako da ƙafarta da hantsin Asabar har gidan Kawu Dodo. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, aka kawo ruwa ta kau da kai. Duk wanda ya girma a Filinge ya san baƙon da ya ƙi ruwa ba alheri ya kawo ba.

Balkisa, metires mai koyarwa a firamare, tana ɗaki tana gyaran kayen rubutun 'yan ajinta, jan biro a hannu, ta ji muryar ta ratso labule.

"Dodo, ɗiyarku mi ta tahi yi likita ran Laraba?"

Kawu Dodo ƙanin marigayiya mahaifiyar Balkisa ne, shi ke riƙe da ita tun da mijinta na fari ya rasu. Ya ajiye igiyar da yake tufka.

"Likita? Balkisa lahiyatta lau."

"Ai shi ne abin tambaya! Mai lahiya lau, bazawara, shekara huɗu babu miji, mi ya zaunad da ita bisa bencin masu ciki? Ba labari anka ba ni ba, idona ya gani. Na raka matar ɗana awo, anka kira suna gaban mata sun hi talatin: Balkisa Haruna! Ta miƙe ta shiga ɗakin sajifam anka ruhe ƙohwa. Da ta hito, ido jawur. Ni dai ban ce komi ba, amma mata talatin ba su da baki guda."

Goggo Rakiya ba ta ce komi ba, shi ya sa kafin azahar ɗin Larabar maganar ta riga ta kai bakin masu sayar da nono.

A wannan ƙaramar likitar sajifam, wato ungozoma, ɗaya ce, ɗaki ɗaya, benci ɗaya. Ranar Laraba ake awon masu ciki, ranar kuma ake duba duk macen da ta zo a duba ta. Kowa ta zo sai ta ɗora karnenta, ɗan littafin awo, a kan tebur, ta zauna ta jira a kira ta. Sai dai a garin nan mutane sun daɗe da yanke cewa abu biyu ke kai mace wannan benci, ko ciki ko ciwo. Wadda ba ta da miji kuma ba ta ɗingishi, ai lissafin bai da wuya. Haka suke gani, kuma sun gaji ganin ne daga kakanni, shi ya sa ba wanda ya taɓa ɗaga shi ya leƙa ƙarƙashinsa.

Balkisa ta ajiye biron. Ta buɗe jaka ta ciro ƙaramin karne mai shuɗin bango, ta fito ta durƙusa.

"Ina kwana, Goggo."

"Da ban kwana ba kin gan ni?"

"Ga shi. Ki kai a karanta gaban iyayen Kailu, Elhaji da Inna. Duk abin da na tahi yi yana ciki. Ba ni da ciki, Goggo. Allah shi ne shaidata."

Goggo ta karɓi karnen da 'yan yatsu biyu, ta ƙulle shi a gefen zane, ta fita ba sallama.

Kawu Dodo ya daɗe yana kallon 'yar 'yar'uwarsa.

"Ke kuma, da ba ki da ciki ba ki da ciwo, wa ya aike ki?"

"Innata marigayiya ta aike ni, Kawu."

Ya ɗauki igiyarsa ya shige zaure.

Halima, mahaifiyar Balkisa, shekara biyu ta yi tana zubar jini bayan ta daɗe da daina al'ada. Aka ce sanyi ne, aka jiƙa sassaƙe. Aka ce iska ce, aka yi turare. Aka ce hannun mutum ne, aka sha rubutu har allo ya koɗe. Ranar da aka kai ta babbar likitar Yamai a kwance a bayan mota, likitan da ya duba ta ya kira Balkisa gefe. Ciwon daji ne na bakin mahaifa, in ji shi, ya riga ya ci wuri. Ya ce irin wannan ciwo shekaru yake yi yana rarrafe ba ya ko ƙaiƙayi, kuma da an leƙa shi da wuri da aikin 'yan mintoci ne.

Kwana uku kafin ta cika, Halima ta riƙe wuyan hannun ɗiyarta.

"Ke kin yi lakkwal, kin yi boko. Kar ki jira sai ya yi zahi."

Tun daga nan, duk shekara in watan rasuwarta ya kama, Balkisa takan kai kanta. A auna jininta, a duba nono, a leƙa bakin mahaifa. Sau huɗu sajifam tana cewa, "Ƙalau, metires, sai baɗi." Ran Larabar nan ce ba ta ce haka ba.

*

Kailu ya zo washegari bayan la'asar. Bai danna odar babur ɗinsa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba ba. Ya kashe moto tun daga nesa ya turo shi da hannu.

Ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi ne, dogo, mai sanyin magana. Shekara biyu ya yi yana fama da gidansu kafin su yarda saurayin da bai taɓa aure ba ya ɗauko bazawarar da ta yi shekara biyu a ɗakin wani ba ta ko yi ɓari ba. Da ƙyar aka sa rana. Balkisa ta san a kan zare ɗaya aurensu yake rataye.

Suka zauna a zaure, shi a kan kujera, ita a bakin tabarma. Karnen yana hannunsa.

"Ni anka ba in karanta musu," ya ce. "Ba mai jin Faransanci a gidan sai ni."

"To, sun ji ba ni da ciki?"

"Sun ji."

"Alhamdu lillahi."

"Balkisa, tsaya." Ya murza goshinsa. "Da na gama, Inna ta karɓa ta buɗe. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga. Ta ƙirga hatimi biyar. Ta ce macen da anka buɗe sau biyar ba lahiyayya ba ce. Ta ce gadon uwarki kinka yi, shi ya sa ba ki haihu ba gidan marigayi."

Balkisa ta yi wata gajeriyar dariya wadda ta fi kuka ciwo.

"Jiya ina da ciki, yau ba ni haihuwa. Su zaɓi guda mana, Kailu."

"Ki bar wasa, don Allah."

"Wa ke wasa? Ka ga ina wasa?"

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka zubo. Ta sa gefen mayafi ta share, wasu suka biyo.

"Baba ya yanke magana," in ji Kailu, yana kallon ƙasa. "Ya ce ba ya son a ce ya zalunci marainiya. Za a ɗaura aure ranar da anka sa. Amma gobe bayan la'asar ki zo ke da Kawu, ki dafa Alƙur'ani, ki rantse ba ki ƙara taka ɗakin nan sai in ciki gare ki. Ya ce wanda ke zuwa neman ciwo kowace shekara, wata rana sai ya same shi. Ya ce kiran ciwo ne."

A waje wata akuya tana ta kiran ɗanta.

"Akwai layin ƙarshe," ya ce a hankali. "Ban hwassara musu shi ba. Na tsallake." Ya buɗe karnen, ya ɗora yatsa a kan rubutun. "An ba ki randebu, an ce ki koma Laraba mai zuwa. An rubuta magani. Maganin mi, Balkisa? Mi sunka gani?"

Ta rufe ido.

"Na so in gaya maka tun ran nan. Bakina ya kasa."

"Gaya mini yanzu."

"Akwai wani ruwa da sajifam take shafawa, mai warin tsami. In wuri lahiya yake, ba ya sauyawa. Bana wani ɗan wuri ya yi fari, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce ba dajin ba ne, amma hanyarsa ce, in an bar shi shekaru. Akwai na'ura, za ta ɗora ta ƙone wurin, minti kaɗan, in tashi in tahi gida da ƙahwata."

"Haihuwa fa?"

"Ta ce ba ya hanawa."

Kailu ya sauke numfashi har kafaɗunsa suka faɗa.

"Amma sai na yi sati shida," ta ce, murya can ƙasa, tana kallon tabarma, "kahin in shiga ɗakin miji. Dole a ɗaga rana."

Ya miƙe tsaye, ya je bakin ƙofa, ya dawo.

"A ɗaga rana? Balkisa, kin san in anka ɗaga ranag ga ba ta sake sauka. In ce musu mi? In ce abin da Inna take faɗa ya tabbata?"

"Bai tabbata ba!"

"A kunnenta ya tabbata!" Ya durƙusa gabanta, abin da bai taɓa yi ba. "Ji nan, sanyin idona. Ki rantse. Ki rantse kawai, bakinki ne zai faɗa. In anka ɗaura aure kin zama tawa, in ɗauke ki mu tahi Yamai, mu ce ganin dangi. A yi maganin can, ba wanda ya sani. Rantsuwa kuwa kaffara gare ta. Ni zan yi miki azumin tare."

"Baɗi fa?"

"Baɗi mu koma."

"Baɗin baɗaɗa? In mun haihi ɗiya mace ta girma, ita ma mu ce ganin dangi? In dafa littahin Allah ina sane ƙarya nike, in shiga gidanku da ita, in riƙa saɗaɗawa kamar ɓarauniya don in ga ko zan rayu?" Ta kama baki da mayafi, kuka ya ci ƙarfinta. "Kailu, ina sonka. Wallahi tun da anka sa ranag ga ban yi barci ban ƙirga kwanakin ba. Amma na ga yadda Innata ta ƙare. Ni na wanke zannuwanta. Kai ba ka ji warin ɗakin nan ba."

"To so kike in rasa ki?"

"So nike ka same ni da rai."

Ya ajiye karnen a gefen tabarma, ya share fuskarsa da hularsa.

"Gobe dai ki zo," ya ce. "Ki yi tunani. Don girman Allah ki yi tunanina."

*

Ran Litinin ta koyar da 'yan aji uku rabawa, ta rubuta a allo ta goge, ta sake rubutawa ba ta san ta riga ta yi ba. Da la'asar ta sa baƙin hijabi ta bi bayan Kawu Dodo.

Tun daga ƙofar gida yake faɗa, bai waiwayo ba.

"Ki buɗe kunnenki. Elhaji Albarka ya yi miki adalci. Wani ne da tuni ya karɓe kayansa. Kin san wa ya tare ni jiya a masallaci? Zaidu mai shanu na Bonkuku. Wai ya ji labari, wai shi yana so, ko da cikin ne ya ruhe miki asiri. A gaban mutane! Ni Dodo anka yi wa tayin ruhin asiri. In kinka saki wanga yaro, irin masu zuwa ke nan, masu zuwa da tausai a baki. Ki dafa ki rantse mu tahi gida."

Mata biyu da ke tsaye a bakin famfo suka daina magana har suka wuce.

A tsakar gidan Elhaji Albarka an shimfiɗa darduma a inuwar dogon yaro. Elhaji yana kan kujera, farin gemu, carbi a hannu. Inna Habsa, mahaifiyar Kailu, tana gefe a kan tabarma, Goggo Rakiya a kusa da ita. Kailu yana can baya a tsugune, jingine da bango. A tsakiya, a kan ƙaramin matashi, an ɗora Alƙur'ani cikin gafakarsa ta fata.

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta da ɗumi.

"Balkisa," in ji Elhaji, "an yi miki zato, zaton bai tabbata ba. Wanga mun wanke ki. Saura guda. Ni gidana mace ba ta zuwa a kware ta alhali tana cin tuwo tana daka. Uwayenmu sun haihi goma goma ba su san ɗakin nan ba. Ciwo da lahiya na Allah ne. Kina da alwala?"

"Ina da ita, Baba."

"To matso."

Ta matso a kan gwiwoyinta har gaban matashin. Ta ji idon Kailu a bayan wuyanta. Ta ɗaga hannu, ta dubi gafakar, sai ta mai da hannun kan cinyarta.

"Baba, ka yi mini izini in yi tambaya guda."

Kawu Dodo ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Elhaji ya ɗaga masa hannu.

"Yi."

"Garkenka da ke Sanam, duk shekara Kailu yana tahiya shi yi musu allura. Ban taɓa jin shekarar da ka bari ta wuce ba. Shanun nan ciwo suke yi?"

"Lahiyarsu lau."

"To don mi ake tara su ana duba bakinsu da kofato? Ba kiran ciwo ba ne?"

Goggo Rakiya ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Yau ga ɗiyar lakkwal tana yi wa Elhaji darasi!"

"Dabba kike haɗa kanki da ita?" in ji Elhaji. Muryarsa ba ta tashi ba, amma carbin ya tsaya.

"A'a, Baba. Roƙo nike a kula da ni kamar yadda ake kula da ita."

Ba wanda ya taɓa yi wa Elhaji Albarka irin wannan magana a cikin gidansa, kuma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne bai sami amsa a kusa ba. Dattijo in ya rasa amsa, sai ya tuna shi babba ne.

"Ban tara mutane don muhawara ba. Ki rantse ko ki tashi."

"Ba zan iya ba, Baba." Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Kuma akwai abin da ba a karanta muku ba. Bana an ga wani ɗan abu. Ƙarami ne, ba dajin ba ne, jibi Laraba za a cire shi. Ba ya hana haihuwa. Amma sai na yi sati shida bayansa, dole a ɗaga ranar da anka sa. Shi na zo roƙo."

Inna Habsa ta dafe ƙirji.

"Kun ji! Kun ji ko? Ban faɗa ba? Ruɓaɓɓen abu za a kawo mini gida!" Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka gani ka ɓoye? Ni ka karanta wa rabi, Kailu? Ni?"

Kailu ya miƙe. Fuskarsa ta yi fari kamar ya sha jinya.

"Na ɓoye, Inna, na yi laihi. Amma ba ruɓaɓɓiya ba ce. Da ba ta tahi ba, da ba wanda ya sani, da kun yi guɗa kun kawo ta, shekara goma mu kai ta Yamai a kwance. Wannan kunka hi so?" Ya juya ga mahaifinsa, ya durƙusa. "Baba, sati shida ne. Na jira shekara biyu. Jibi ni zan kai ta da kaina."

"Ka kai ta a matsayin wa?" in ji Elhaji. "Ba aure tsakaninku, kuma ba za a yi ba. Na janye."

"To ni ban janye ba."

Abin da ya biyo baya, Balkisa ba ta taɓa ganinsa da ido ba, sai dai a labari. Inna Habsa ta tashi tsaye, ɗankwalinta ya zame ya faɗi. Ta tako har gaban ɗanta, ta sa hannu cikin wuyan rigarta.

"Kailu, dube ni. Nonon ga da ka sha wata ashirin da biyu, in ka taka ƙohwar likitan nan da yarinyag ga, in ka sake kiran sunanta da aure, wallahi zan ɗaga maka shi, in ce Allah ya..."

"Habsa!" Elhaji da kansa ya daka tsawa, don ko shi bai so abin ya kai nan ba. Uwa in ta ɗaga wa ɗa nono ta yi baki, mutanen wannan yanki na Kurfai sun yarda ba ya sake ganin daidai, duniya da lahira. Ko bakin yana kamawa ko ba ya kamawa, Allah ne masani. Abin da kowa ya gani da ido shi ne, ɗan da aka yi wa haka ba mai sake ba shi hannu da zuciya ɗaya, shi ma ba ya sake yarda da kansa.

Balkisa ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta faɗa gaban Inna Habsa ta riƙe hannun da hannuwanta biyu.

"Kar ki ƙarasa, Inna! Don Allah kar ki ƙarasa. Na bar miki shi."

"Balkisa!" in ji Kailu.

"Na bar shi. Ni na fasa, ba shi ba. Ku shaida, Baba, Kawu, ni na ce na fasa. Ki sa masa albarka, Inna, bai yi miki komi ba. Sona kawai ya yi."

"Ba ki isa ba! Balkisa, dube ni! Ba ke kaɗai ke da magana ba!" in ji Kailu.

Ba ta dube shi ba. Ta san in ta dube shi za ta juya ta dafa gafakar nan ta rantse da duk abin da aka ce. Inna Habsa ta zare hannunta a hankali daga cikin riga, ta kama gaban rigar ɗanta ta riƙe gam, tana haki, ita ma hawaye a fuskarta. Kailu ya tsaya tsakanin hannun uwarsa da bayan Balkisa, ya kasa fizgewa.

Balkisa ta durƙusa ta yi wa Elhaji sallama, ta nemi takalmanta. Ɗaya ya kife, sai da ta sa ƙafa sau biyu. Tana cikin zaure ta ji ya sake kiran sunanta, da wata murya da ba ta san yana da ita ba. Ta fita.

Kawu Dodo yana gaba tana biye, kamar yadda suka zo. Ta jira faɗan. Ta shirya masa bayanta kamar mai jiran bulala. Suka wuce famfo, suka wuce injin niƙa, bai ce uffan ba. Kuka take yi ba sauti, hijabin ya jiƙe har ƙirji.

Sai da suka kai kwanar gidansu ya tsaya, bai juyo ba.

"Lokacin da uwarki ta fara ganin jinin nan," ya ce, "ta zo ta same ni a gona. Ta ce in kai ta likita. Na ce ta bari a gama girbi. Da anka gama girbi na ce ai tana tahiya da ƙahwarta, a gwada na gida tukuna. Ba ta sake tambayata ba. Ba ta kuma taɓa gaya miki ba, na sani."

Balkisa ta tsaya da hannu a baki.

Tsohon ya ja hanci, ya gyara hularsa, ya dubi bangon gidan maƙwabci kamar akwai abin karantawa a jiki.

"Jibin, ƙarhe nawa sunka ce?"

"Bakwai da rabi, Kawu."

"To ki shirya tun bakwai. Ni zan kai ki. In zauna bakin ƙohwa, mai tambaya ya tambaye ni."